Cutar da ke Cin Bawul ɗin Zuciya: Daga Ɗakin Gawa zuwa Ɗakin Tiyata

A shekarar 1646, wani malamin likitanci na jami'ar Montpellier da ke kudancin Faransa, Lazare Rivière, ya wallafa labarin wani majinyaci da ya sha fama da haki da rikicewar bugun zuciya har rai ya yi halinsa. Da aka buɗe gawar, sai aka tarar da wasu curarrun tsiro na nama a ɗakin hagu na zuciya, mafi girmansu ya toshe bakin babbar jijiyar da ke kai jini sassan jiki. Rivière ya rubuta abin da idonsa ya gani, iyakarsa ke nan. Bai san mafarin tsiron ba, kuma a zamaninsa babu wanda ya sani. Daga wannan rubutu ne masu tarihin likitanci da yawa suke fara ƙidayar tarihin cutar da yau ake kira endokaditis, wato kamuwar tantanin da ya shimfiɗe cikin zuciya da ƙwayoyin cuta.

Zuciya tana da ɗakuna huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa, da bawul huɗu masu hana jini komawa inda ya fito. Kowane bawul wasu siraran leɓɓa ne, biyu ko uku, da ke buɗewa su rufe kimanin sau 100,000 a kwana ɗaya. Biyun da ke ɓangaren hagu su ne suka fi shan wahala, domin nan ne ƙarfin jini ya fi yawa: bawul ɗin maitiral, tsakanin ɗakin sama da na ƙasa, da bawul ɗin awota, a bakin babbar jijiya. Leɓɓan nan ba su da wadatattun jijiyoyin jini na kansu, don haka garkuwar jiki ba ta isa gare su yadda take isa sauran gaɓoɓi. Idan leɓe ya sami tabo ko kaushi, sai ɗan gudan jini ya manne a wurin. Bakteriyar da ta ratso cikin jini, daga dasashi ko fata ko allura, sai ta sami mazauni, ta yi ta hayayyafa a cikin gudan. Tsiron da Rivière ya gani ke nan.

Abin mamaki a tarihin wannan cuta shi ne, an san wata ɓarnarta mai wuyar samu tun kafin a san sanadinta. A 1729, wani likitan fiɗa na birnin Paris mai suna Morand ya bayyana wani leɓen bawul ɗin maitiral da ya kumbura ya zama aljihu. Har yau wannan nakasa tana cikin waɗanda likitan zuciya zai iya yin shekaru bai gamu da ita ba. Amma Morand, kamar Rivière, a gawa ya gan ta.

Ƙarni na 19 ne ya haɗa guntayen labarin. Corvisart, likitan Napoleon, ya siffanta tsiron a 1806, ya kuma yi zaton tunjere ke kawo shi. Laennec ya ƙirƙiro abin sauraron ƙirji a 1816, aka fara jin ƙarar bawul mai yoyo a jikin mai rai. Bouillaud ya ba cutar sunanta a 1835, ya kuma lura da dangantakarta da zazzaɓin da ke kumbura gaɓoɓi, wato zazzaɓin rumatik. A 1852, William Kirkes na asibitin St Bartholomew da ke Landan ya nuna cewa tsiron yana gutsurewa, jini ya kwashi guntun ya kai ƙwaƙwalwa ko ƙoda ko saifa ya toshe jijiya. Wannan ya warware dalilin da ya sa mai zazzaɓi kan wayi gari ɓarin jikinsa ya shanye. A 1869 kuma Emmanuel Winge, a birnin da yau ake kira Oslo, ya duba tsiron da madubin likita ya ga ƙananan halittu a ciki.

Wanda ya tattara wannan ilimi wuri ɗaya shi ne William Osler, ɗan ƙasar Kanada. A 1885, yana da shekara 35, ya gabatar da laccoci uku a gaban Kwalejin Likitoci ta Landan, bayan ya bi bayanan majinyata fiye da 200, har da waɗanda shi da kansa ya bincika gawarsu a Montreal. Ya kawo bayanin leɓɓan da cuta ta cinye, da waɗanda ta huda, da wani mutum da ƙwayoyin cuta suka raunana bangon babbar jijiyarsa har ya kumbura a wurare da dama. Ya kuma yi wani gargaɗi da ya kamata likitocin ƙasashenmu su riƙe da hannu biyu: cutar tana shigowa da kamannin taifot ko zazzaɓin cizon sauro, ta yadda ƙwararre ma yakan ruɗe.

Farkon ƙarni na 20 ya zo da dabarar ɗibar jini a rena shi a ɗakin gwaji don a ga irin ƙwayar da za ta tsiro. Hugo Schottmüller a Jamus, da Thomas Horder a Landan, da Emanuel Libman a asibitin Mount Sinai na Niyok, su ne suka kafa wannan aiki. Horder, wanda ya wallafa nazarin majinyata 150 a 1909, ya ja hankali ga baki da haƙora a matsayin mashigar ƙwayoyin. Daga nan likita ya iya faɗin sunan cutar da tabbaci alhali majinyaci yana raye. Sai dai sanin suna bai zo da magani ba, kuma a ganina wannan ne zamani mafi ɗaci a duk tarihin cutar.

Shahararren mai tsara kiɗa Gustav Mahler yana cikin waɗanda suka ɗanɗana wannan ɗaci. Tun 1907 aka gano yana da matsalar bawul. A watan Fabrairu na 1911, yana jagorantar makaɗa a Niyok, zazzaɓi ya kwantar da shi. Aka kira Libman, aka ɗebi jini, ƙwayar siterefto ta fito. Aka ɗauke shi a jirgin ruwa zuwa Faransa, aka gwada masa allurar ruwan jini a Paris, ba ta yi ba. Ya rasu a Biyana ranar 18 ga Mayu 1911, yana da shekara 50. Shekara ashirin bayan haka, wani ɗalibin likitanci na Harvard, Alfred Reinhart, wanda zazzaɓin rumatik ya lalata wa bawul ɗin awota tun yana yaro, ya ga wasu jajayen ɗigo-ɗigo a hannunsa. Ya karanta littattafan, ya san ma'anarsu. Ya shafe watannin da suka rage masa yana rubuta yadda cutar ke tafiya a jikinsa don amfanin na baya, ya rasu a watan Oktoba na 1931. Malaminsa Soma Weiss ne ya shirya rubutun, aka buga shi a 1942. A lokacin, kusan duk wanda cutar ta kama mutuwa yake yi.

Magungunan salfa na shekarun 1930 sun ɗan kawo fata, amma waɗanda suka warke da su ƙalilan ne. A watan Oktoba na 1940, Martin Henry Dawson ya yi wa masu wannan cuta allurar ɗanyen fenisilin da shi da abokan aikinsa suka haɗa da hannunsu a jami'ar Columbia. Abin da suke iya samarwa bai taka kara ya karya ba, majinyatan farko ba su tsira ba. Da yaƙin duniya na biyu ya yi tsanani, rabon fenisilin ga farar hula a Amurka ya koma hannun wani kwamiti ƙarƙashin Chester Keefer, kuma a 1943 kwamitin ya hana a ba masu endokaditis, bisa hujjar cewa cutar tana cin magani da yawa ba tare da sakamako ba. Leo Loewe, wani likita a Brooklyn, bai yarda da wannan hukunci ba. Ya samo maganin daga kamfanin Pfizer, ya ba da shi da yawa kuma na tsawon lokaci, a watan Janairu na 1944 ya ba da rahoton mutum bakwai da ƙwayar ta bar jininsu. A Ingila, Ronald Christie ya jagoranci wani gwaji da ya ƙunshi majinyata 269, wanda aka buga sakamakonsa a 1948. Ya tabbatar da cewa tsawon kwanakin magani ya fi yawansa muhimmanci: a ba da shi na 'yan kwanaki cuta ta dawo, a ba da shi na mako huɗu yawanci ta tafi. Daga nan ne al'adar allurar mako huɗu zuwa shida ta samo asali.

Amma tsugune ba ta ƙare ba. Majinyaci zai sha allurarsa, zazzaɓi ya sauka, gwajin jini ya fito fes, sannan ya fara haki, ƙafa ta kumbura, huhu ya cika da ruwa, ya mutu. Fenisilin yana kashe ƙwaya, ba ya ɗinke leɓen da ta huda. Ɓarnar da Morand da Osler suka gani a gawa ta zama matsalar masu rai, domin yanzu majinyata suna daɗewa har ta bayyana.

Sai mu tsaya a kan wannan ɓarna, don ita ce zuciyar labarin. Bawul ɗin awota da na maitiral maƙwabtan juna ne na ƙut da ƙut. Leɓen gaba na maitiral yana rataye ne daga wani siririn labule na tauri da ya haɗe da gindin bawul ɗin awota. Idan cuta ta huda leɓen awota, duk sanda zuciya ta saki bayan bugu, jini yakan tsarto da ƙarfi ya koma baya, ya daki leɓen maitiral a wuri ɗaya, ɗauke da ƙwayoyin cuta. Wanda ya taɓa ganin yadda ruwan indararo ke dukan katangar laka da damina har ya rarake ta zai fahimci abin da ke faruwa. Wurin da ake duka yakan raunana, ya kumbura zuwa ɗakin sama, ya zama aljihun nan da Morand ya bayyana. Ranar da aljihun ya fashe, jini ya kwarara baya zuwa huhu farat ɗaya, mutum yana iya kasa numfashi cikin 'yan sa'o'i. Simon Rodbard ya nuna a gwajinsa na 1963 yadda gudun jini ta ƙaramar kafa ke zaɓar wa bakteriya inda za ta sauka, sannan wajen 1970 Lorenzo Gonzalez-Lavin da Donald Ross a Landan suka gargaɗi likitocin tiyata cewa duk wanda ya shiga gyaran bawul ɗin awota mai cuta, kada ya fito bai duba leɓen maitiral ba.

Shi kansa labulen da ke tsakanin bawul biyun ba shi da isasshen jini, don haka cuta tana saurin cin sa. Idan ta rarake shi, sai a sami wani kogo a bayan gindin awota, mai cika da jini in zuciya ta matse, ya motse in ta saki. Wannan kogo yana iya danne jijiyar da ke ciyar da naman zuciya, ko ya fashe cikin jakar da ke kewaye da zuciya, jini ya taru ya shaƙe ta.

Cuta kuma tana iya nutsawa ƙasa ta tara mugunya a gindin bawul. Wannan ƙurji ba baƙon abu ba ne sosai, musamman ga masu bawul ɗin roba ko ƙarfe, amma daga gare shi ne nakasu masu wuyar samu suke fitowa. Hanyar lantarkin da ke kai saƙon bugu daga ɗakunan sama zuwa na ƙasa tana wucewa dab da gindin awota. In ƙurji ya taɓa ta, saƙon ya fara jinkiri, daga baya ya yanke, bugun zuciya ya faɗi ƙasa warwas. Shi ya sa likita mai lura yake maimaita gwajin lantarkin zuciya a kai a kai ga irin wannan majinyaci, domin ɗan jinkirin da ya bayyana a takarda yana iya zama shelar farko ta ƙurji. In kuwa ƙurjin ya fashe ta ɓangare biyu, sai ya bar kafa tsakanin babbar jijiya da ɗaya daga ɗakunan zuciya. Akwai ma kafar da ke haɗa ɗakin ƙasa na hagu da ɗakin sama na dama, wadda ake kira da sunan Frank Gerbode, likitan tiyata na San Francisco da ya ba da rahoton gyara irin ta haihuwa a jikin mutum biyar a 1958. Daga baya aka gane cewa endokaditis ma tana iya huda ta ga wanda aka haifa lafiya lau.

Babu allurar da ke rufe irin waɗannan ramuka, sai wuƙa da zare. Amma likitocin tiyata sun daɗe suna ɗari-ɗari, kuma tsoronsu yana da hujja: ƙa'idar fiɗa tun fil azal ita ce ba a dasa baƙon abu a cikin nama mai mugunya. Na'urar da ke riƙe aikin zuciya da huhu yayin tiyata ta fara nasara a hannun John Gibbon a Philadelphia a 1953, kuma Albert Starr ya dasa bawul ɗin ƙwallo a cikin keji a 1960. A 1961, Jerome Kay da abokan aikinsa a Los Angeles suka ba da rahoton buɗe zuciya suka kankare tsiron naman gwari daga ɗaya daga bawul biyun ɓangaren dama, majinyacin ya rayu. A 1965 kuma Wallace da Young da Osterhout na jami'ar Duke suka wallafa labarin mutumin da magani ya kasa kashe masa ƙwaya, suka yanke bawul ɗin awota alhali cuta tana tsaka da ci, suka sa na roba, ya warke. Wannan rahoto ne ya karya tsohuwar ƙa'ida. Aka fahimci cewa tsiro da ƙurji matattara ce da magani ba ya ratsawa, cire ta ma wani ɓangare ne na magani.

Bayan haka gwanintar ta yi ta ƙaruwa. Bawul ɗin da ake ɗauka daga mamacin da ya ba da kyauta, wanda Ross a Landan da Barratt-Boyes a Auckland suka fara dasawa a 1962, ya zama abin dogaro wajen sake gina gindin awota da ƙurji ya cinye. A 1997, Tirone David na Toronto ya wallafa yadda ake yanke bawul biyun tare da labulen da ke tsakaninsu, a sake gina labulen da faci na roba ko na tantanin zuciyar saniya, sannan a dasa sababbin bawul. Aiki ne mai tsawo da haɗari, har yau asibitoci kaɗan ne ke yin sa. Sai dai kowane bawul da aka dasa yana iya zama sabon mazaunin ƙwayoyin cuta, kuma a irinsa cutar daga wurin ɗinki take farawa, inda ƙurji ke saurin samuwa.

Wuƙa ba ta da amfani in ba a san lokacin ɗaukarta ba, kuma wannan ne ya sa nake ganin babban juyin da aka samu bayan fenisilin shi ne na gani. Inge Edler da Hellmuth Hertz sun fara haska zuciya da sautin da kunne ba ya ji a birnin Lund na Suwidin a 1953. A 1973, ƙungiyar Harvey Feigenbaum a Indianapolis ta nuna tsiro a bawul ɗin mai rai da wannan na'ura, wadda asibitocinmu ke kira eko. Amma haƙarƙari da huhu suna tare wa na'urar gindin awota. Mafita ita ce a zura kan na'urar ta hanyar abinci, wadda ke wucewa a bayan zuciya dab da ita. A 1991, Werner Daniel da abokan aikinsa a Hannover ta Jamus suka gwada hanyoyin biyu: eko ta ƙirji ta gano kashi 28 cikin ɗari na ƙuraje, ta hanyar abinci ta gano kashi 87. Shekara ɗaya bayan haka, Karalis da abokansa a Philadelphia suka duba mutum 55 masu cutar a bawul ɗin awota, suka tarar ta riga ta gangara zuwa labule ko leɓen maitiral a 24 daga cikinsu. Ashe wani ɓangare na abin da ake kira mai wuyar samu, wuyar gani ce kawai. A 1994, ƙa'idojin gano cutar da David Durack da abokansa suka fitar a Duke suka sa hoton eko a sahu ɗaya da renon jini.

Wasu nakasun kuwa da gaske ba su da yawa. Wani nazari da Ignasi Anguera ya jagoranta, mafi yawa a asibitocin Sifen, wanda aka buga a 2005, ya bi kamuwa 4,681 ya sami kafa tsakanin babbar jijiya da ɗakin zuciya a mutum 76, wato kashi 1.6 cikin ɗari. Duk da an yi wa mafi yawansu tiyata, kashi 41 cikin ɗari sun rasu a asibiti.

A ƙasashe masu arziki cutar ta sake fuska. Babban nazarin da aka buga a 2009, mai majinyata 2,781 daga ƙasashe 25, ya nuna ƙwayar sitafilo, mai saurin cin nama, ta zama kan gaba. Masu kamuwa yanzu yawanci tsofaffi ne, da masu wankin ƙoda, da masu na'urar daidaita bugu, da masu allurar ƙwaya a jijiya. An yi wa kusan rabinsu tiyata, kuma kusan kashi 18 cikin ɗari ba su fita asibiti da rai ba.

A namu ƙasashen, tsohuwar fuskar ba ta tafi ko'ina ba. Zazzaɓin rumatik, wanda ke biyo bayan ciwon maƙogwaron yara da ba a yi wa magani ba, shi ne ya lalata bawul ɗin Reinhart, kuma shi ne har yanzu yake lalata na matasanmu. Ƙididdigar 2019 ta nuna mutum fiye da miliyan 40 ke ɗauke da ciwon zuciyar da yake haddasawa, kimanin 300,000 suna mutuwa duk shekara. Wani nazari da aka buga a 2015 kan majinyata 3,343 daga ƙasashen Afirka 12, har da Najeriya, da kuma Indiya da Yaman, ya tarar rabinsu ba su wuce shekara 28 ba, kuma kashi biyu cikin uku mata ne. Kowane irin wannan bawul mai tabo wuri ne da bakteriya za ta iya sauka. An yi tiyatar buɗe zuciya ta farko a Najeriya a Inugu a 1974, kuma cibiyar Salam da ke Khartoum ta fara yin ta kyauta a 2007, amma har yau masu bukata sun ninka masu samu nesa ba kusa ba. Inda tiyata ke da wuya haka, kama cutar kafin ta huda leɓe shi ne kusan dukan dabarar da ke hannunmu.

Don haka, mai karatu, idan yaronka ya yi ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, kai shi a duba, kada a tsaya ga ruwan ɗumi da gishiri. Wanda aka rubuta wa allurar fenisilin ta wata-wata saboda ciwon bawul, kada ya tsallake ko ɗaya, ya kuma kula da haƙoransa. Duk mai ciwon bawul, ko bawul ɗin dashe, ko mai wankin ƙoda, da zazzaɓi ya ƙi sauka bayan an yi maganin cizon sauro da na taifot, kada a koma kemis a sake sayen kafso. A je babban asibiti, a faɗa wa likita tarihin zuciyar, a nemi a ɗebi jini don reno kafin a fara maganin kashe ƙwayoyin cuta, sannan a nemi hoton eko.